Ku Tambaya Mu Amsa: Daddawar Japan, Kwaɓin Dusa da Shingen Lantarki

Assalamu alaikum. An ce mini mutanen ƙauyukan Japan da daddawa suke karya kumallo, wai sunanta miso. Gaskiya ne? Yaya ake yin ta?
Wata uwargida daga Zariya

Wa alaikumus salam, Hajiya. Wanda ya ba ki labari ya haɗa miki abu biyu. 'Yar'uwar daddawarmu ita ce natto, wadda garin Mito na lardin Ibaraki ya yi suna da ita. Ƙwayar halittar da ke nunar da kalwa, wato Bacillus subtilis, ita ce ke nunar da waken suya ya zama natto. Sai dai su galibi ba sa dakawa, ba sa shanyawa. Da yauƙinta suke zuba ta a kan shinkafa su ci. A gargajiyance ana tsoma karan shinkafa a tafasasshen ruwa, sauran ƙwayoyin da ke jikinsa su mutu, wannan ɗin ta tsira saboda tana jure zafi. A naɗe dafaffen wake a cikin karan, a ajiye a ɗumi mai maki 40 a ma'aunin Celsius na kwana ɗaya, sannan a kai wuri mai sanyi ta kwana. Idan ta wuce lokaci a ɗumi sai ta ɗauki warin fitsari mai hawa kai.

Miso kuwa daban take, tsimammen kwaɓin waken suya ce. Gishiri ne ke riƙe ta, kuma aikin wata goma ne zuwa shekara. Ma'aunin da aka fi yi a gida shi ne busasshen waken suya kilo 1, koji kilo 1, gishiri giram 450 zuwa 500, wanda zai ba da kusan kilo 4. Koji turarriyar shinkafa ce da aka shuka wa wata irin fumfuna mai amfani, yawanci saye ake yi. Ba ta da madadi, kuma yis ɗin burodi ba zai yi aikinta ba.

A jiƙa wake awa 18, a dafa awa 3 zuwa 4, har sai ƙwaya ta murƙushe tsakanin babban yatsa da ƙaramin yatsa ba tare da an sa ƙarfi ba. A daka da zafinsa, amma kada a haɗa shi da koji sai ya huce yadda hannu zai zauna a ciki, don zafin da ya haura maki 60 na kashe ƙarfinta. A murje koji da gishiri tukuna, a cakuɗa da waken, a dunƙula kamar fura. Daga nan sai a riƙa maka dunƙulen a gindin randa ɗaya bayan ɗaya, ana dannewa da dunƙulen hannu. Wannan jifan ba wasa ba ne, iska ake kora, domin duk inda ta maƙale nan fumfuna za ta yi gida. A barbaɗa gishiri a sama, a rufe da leda ta manne, a ɗora dutse mai nauyin kilo 1. Da yawansu da barasa suke goge randar, amma tafasasshen ruwa da bushewa sarai sun wadatar.

A watan Janairu ko Fabrairu suke wannan aiki, cikin tsananin sanyi, don tsimin ya fara a hankali kafin zafi ya zo ya ƙarasa shi. Wanda ya kwaɓa ta a ɗakin da ke kai maki 40 a watan Afrilu, za ta yi duhu da tsami kafin ta yi daɗi. Fumfunar da ta fito a sama a kankare ta da cokali, na ƙasa lafiyarsa ƙalau. Baƙin ruwan da ke taruwa a kai kuma kada a zubar, tamari ke nan, wato ruwan ƙara wa abinci ɗanɗano, ya fi magi daɗi. Abu ɗaya: kada natto ko daddawa su kusanci koji. Ƙwayarsu na fin ƙarfinta, shi ya sa masu sana'ar koji ke ƙaurace wa cin natto a lokacin aiki.

Ina da injin casar shinkafa, dusa na taruwa mini. Na ji a Japan da ita ake adana kayan lambu. Ta yaya?
Wani mai karatu daga Kura

Alhaji, sunan abin nukazuke, sai dai ba adanawa ba ce ta watanni, tsimi ne na kwana ɗaya. Dusa kilo 1, gishiri giram 130, ruwa lita 1, barkono busasshe biyu ko uku, da ɗan busasshen ganyen teku da suke kira kombu in akwai. A kwaɓa ya yi kaurin kwaɓin tuwo. Mako biyun farko ana binne ɓawon kabeji da guntayen karas ana canzawa duk kwana uku, a zubar da su, don abinci ne na ƙwayoyin tsami. Bayan nan kokwambar da aka binne a kwaɓin na nuna cikin rabin yini lokacin zafi, karas kwana ɗaya.

Dole hannu ya shiga kullum, na ƙasa ya dawo sama. In aka bari, ƙasa ta yi warin tsohuwar safa, sama kuma ta yi farin yaɓe mai warin fenti. In ruwa ya yi yawa a ƙara dusa da gishiri. Kwaɓin maki 20 zuwa 25 yake so, ya haura 30 sai tsami ya ɓata shi, don haka a zafin Kano firij ne wurinsa, a juya duk kwana uku. Ka kuma duba dusarka. Ƙananan injina kan haɗa dusa da ƙaiƙayi, kuma wannan ba ta yi. Sai an tankaɗe, kuma sabuwa, domin man da ke cikinta na saurin lalacewa.

Me ya sa a hotunan gonakin Japan waya biyu kacal ake gani can ƙasa-ƙasa? Wane shinge ne wannan?
Wani ɗalibin aikin gona daga Maraɗi

Ɗan'uwa, na lantarki ne, kuma don aladun daji aka yi shi. Ana ɗaura waya ɗaya a tsayin santimita 20, ɗaya a 40, daidai hancin dabbar. Gashin jikinta na tare wutar, amma da hanci take shinshina duk sabon abu, nan take jin jan. Abin da ya fi kashe shingen shi ne ciyawa, tana taɓa waya wutar ta zurare ƙasa, shi ya sa ake yawan yanke ta daga ƙarshen bazara har kaka. Kuskure na biyu shi ne barin waya a ɗaure babu wuta, dabbar ta taɓa ba ta ji komai ba, ta daina tsoro. Barewa kuwa tsallakewa take, sai an ƙara wayoyi har sama da mita ɗaya da rabi. Birai su ma sai raga mai wuta a samanta, kuma a sare duk reshen da ya leƙo cikin gonar.