Tambaya da Amsa: Mece ce ma'anar "operational"?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina yawan cin karo da kalmar "operational" a takardun ofis. Wani lokaci sai in fassara ta da "yana aiki" ta zauna daram, wani lokaci kuma ta ƙi zama. A taimaka a warware mini. Daga wata mai karatu.

Amsa: Malama, kin lura da kyau. Sifa ce da aka ciro daga "operation", wato gudanar da aiki, kuma fuska biyu gare ta. Galibi mazauninta a jimla ne ke nuna wadda ake nufi.

In ta biyo bayan "is", "are" ko "become", ana nufin abu ya kammalu, yana aiki ko a shirye yake. "The factory is now operational": masana'antar ta fara aiki. Ana ƙara mata "fully" in komai ya kankama, "partially" in wani sashe ne kawai. Ba a cewa "very operational". Da ita ake siffanta inji, gini, tsari ko rundunar soja. Ma'aikaci ba ya faɗin ta don nuna yana bakin aiki.

In kuwa ta gabaci suna, yawanci tana nufin abin da ya shafi tafiyar da harkokin yau da kullum, kuma nan ne fassararki ke ƙin zama. "Operational costs" su ne albashi, kuɗin wuta, man inji da gyare-gyare. Kuɗin sayen injin ko na gina masana'antar ba ya ciki, wannan jari ne, kuma cakuɗa su na ɓata lissafin riba. A banki akwai "operational risk", wadda ƙa'idojin kula da bankuna na duniya, wato Basel II na 2004, suka bayyana da asarar da ke zuwa daga gazawar tsarin aiki, ma'aikata, na'urori, ko wani lamari daga waje. Kamfanin jirgin sama kuma in ya soke tashi "for operational reasons", matsalar ta gudanarwa ce, kamar rashin jirgi ko matuƙa a lokacin.

Ki kiyayi 'yan'uwanta, don suna rikita har ƙwararru. Doka ko yarjejeniyar da ta fara aiki "operative" ce. "Operable" a bakin likita ƙari ne da za a iya yi wa tiyata. Babbar manhajar kwamfuta "operating system" ce, ba a sa "operational" a gurbin.

Wajen furuci, gaɓoɓinta biyar ne, ki ɗora nauyin murya a kan ta uku: o-pa-RE-sha-nal.