Korayen da'irori a tsakiyar hamada: gonaki ne ko zanen kwamfuta?

Tambaya: Malam, ina duba Google Earth a wayata sai na ci karo da ɗaruruwan korayen da'irori a hamadar arewacin Saudiyya, kowace a zagaye tsaf. Wayata ce ta samu matsala, ko zane aka yi?

Amsa: Wayarka lafiya lau take, ɗan'uwa. Gonaki ne na gaske. A tsakiyar kowace da'ira akwai rijiyar burtsatse, daga nan aka miƙa dogon bututu bisa tayoyi, yana juyawa kamar hannun agogo yana yayyafa ruwa. Inda ruwan ya kai ne kawai shuka ke fitowa, shi ya sa gonar ta zama da'ira. Bututu mai tsawon mita 400 kan shayar da kimanin hekta 50. Wani manomi Ba'amurke, Frank Zybach, shi ya yi wa na'urar rajista a 1952, kuma idan ka leƙa jihohin Nebraska da Kansas za ka ga irinsu birjik. A yau manomi na iya kunna ta ko ya tsayar da ita daga wayarsa.

Sai dai abin da hoton bai nuna maka ba shi ne inda ruwan ke fitowa. Tsohon ruwa ne da ya taru a ƙarƙashin ƙasa tun shekaru dubbai, kuma ɗan ruwan saman da ke sauka a hamada ba ya mayar da abin da aka zuƙe. Wannan ne ya sa Saudiyya ta fara rage sayen alkamar gida a 2008, har ta dakatar a 2016. Ni wannan ya fi damuna fiye da kyan hoton.

Tunda ka fara, ka ci gaba da yawon. Rubuta Almeria a ƙasar Sifaniya: farin da za ka gani a bakin teku rumfunan leda ne na noman kayan lambu, fiye da hekta 30,000. Rubuta Banaue a Filifin, ka karkata hoton da yatsu biyu, ka ga yadda aka sassaƙa jikin tsauni hawa-hawa don noman shinkafa, aikin hannu ba tarakta. Ka kuma sani cewa hotunan ba na kai tsaye ba ne, wasu sun kwana biyu. Danna alamar tsofaffin hotuna ka ja shekarun baya, za ka ga da'irorin nan suna ɓullowa, wasu kuma suna bushewa.

Tambaya: An turo mini bidiyon latas da ake nomawa cikin wani gini, babu ƙasa, babu rana, sai fitilu masu launin shunayya. Ba haɗin AI ba ne kuwa?

Amsa: Hajiya, irin wannan noman akwai shi. Saiwar na cikin ruwan da aka narka wa sinadaran taki, fitilun ja da shuɗi ne ke maye gurbin rana, kwamfuta kuma na lura da zafi da ɗanshi da tsamin ruwan dare da rana. Japan da Singafo sun yi nisa a kai. Amma kada a ruɗe ki da cewa shi zai ciyar da duniya. Yana shan wutar lantarki sosai, kuma galibi ganyayyaki ake nomawa, ba hatsi ba. Kamfanin AeroFarms na Amurka, wanda ya yi suna a harkar, sai da ya nemi kariyar kotu saboda bashi a 2023.

Shi kuwa bidiyon naki, tsayar da shi ki ɗauki hoton fuskar wayar, ki saka a Google Lens. Zai nuna miki wuraren da aka taɓa wallafa shi. Idan kin ga sunan gona da garin da take, ki nemi wurin a taswira ki tabbatar.