Hukuncin Sauraren Littattafan Soyayya a Salula

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni matar aure ce a unguwar Zariya, nan Maraɗi. Ɗinki nake yi a gida, kuma akwai ƴan mata biyu masu koyo a hannuna. Ban yi nisa a lakkol ba, ɗan abin da aka koya mana ma da Faransanci ne, don haka karatun Hausa yana yi mini wuya. Shi ya sa nake sauraren littattafan da ake karantawa a YouTube, wasu kuma ƙawaye ke turo mini ta WhatsApp. Ina kunnawa ina taka kekena. Maigidana ya ce haramun ne, wai duk ƙarya ce da batsa, amma bai fito fili ya hana ni ba. Tsakani da Allah akwai waɗanda na ƙaru da su, akwai kuma waɗanda in an zo wani wuri sai na rage murya saboda yaran. Sannan wata rana cikin azumin bana na saurari wani har na ji abin da mace ke ji. Mene ne hukuncin sauraren, kuma ina matsayin azumina na ranar?

AMSA

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Baiwar Allah, Allah Ya yi miki albarka da kika tambaya. A farkon Ahalari aka karantar da mu cewa bai halatta ga baligi ya aikata wani aiki ba sai ya san hukuncin Allah a cikinsa, kuma ya tambayi malamai. Kin yi abin da aka ce.

Zan fara da maganar maigidanki ta cewa ƙarya ce, domin ita ce mafi sauƙin warwarewa. Ƙaryar da shari'a ta haramta ita ce ka faɗi abin da bai auku ba kana so mai jin ka ya ɗauka ya auku. Ƙagaggen labari kuwa, mai rubutawa ya san shiri ne, mai karantawa ya sani, ke mai saurare kin sani, ba wanda aka ruɗa. Duk wanda ya yi karatun zaure ya san Maƙamatul Hariri, wanda mai shi ya rasu a shekara ta 516 bayan Hijira. Labaran cikinsa ƙagaggu ne daga farko har ƙarshe, kuma malamanmu na Katsina da Gobir da Damagaram sun karantar da shi tsara bayan tsara don koyon lugga, ba su ce almajiri ya yi zunubi ba. Haka tatsuniyar da kakanninmu ke yi wa yara da dare, har a rufe da ƙurunƙus kan kusu. Saboda haka kasancewar labari ƙagagge bai isa ya haramta shi ba.

Haka kuma ambaton soyayya shi kaɗai ba laifi ba ne. Allah Ya kira ƙissar Annabi Yusufu mafi kyawun labari, alhali a cikinta akwai matar da son wani ya rufe wa ido har ta kulle ƙofofi. A Suratur Rum aya ta 21 Ya lissafa ƙauna da jin ƙai tsakanin ma'aurata cikin ayoyinSa. Buhari ya ruwaito labarin Mugisu yana bin Barira a hanyoyin Madina yana kuka, hawaye na zuba a gemunsa, har Annabi (SAW) ya ce wa baffansa Abbas ko bai yi mamakin son da Mugisu ke yi wa Barira da ƙin da take yi masa ba. Wanda ya fi kusa da tambayarki shi ne hadisin Ummu Zar'in da ke cikin Buhari da Muslim. Nana A'isha ta zauna tana ba Annabi (SAW) labarin mata goma sha ɗaya da suka yi alkawarin ba za su ɓoye komai na halin mazajensu ba. Wannan ta yabi nata, waccan ta kushe nata, wata ta ce nata in ya ci sai ya cinye, in ya sha sai ya shanye. Ya saurare ta har ta kai ƙarshe, bai katse ta ba, sannan ya ce mata shi a wurinta kamar Abu Zar'in yake a wurin Ummu Zar'in. Alƙali Iyal, babban malamin Malikiyya, littafi guda ya rubuta a kan wannan hadisi kaɗai. Hira ce ta mata a kan zaman aure, kuma kunnen da ya fi kowane kunne tsarki ya saurare ta.

To asalin abin halas ne. Amma halas ɗin yana da iyaka, kuma ke da kanki kin nuna mini inda iyakar take tun a cikin tambayarki: wurin da kike rage murya.

Annabi (SAW) ya ce wa Nawwasu ɗan Sam'ana, kamar yadda Muslim ya ruwaito, zunubi shi ne abin da ya yi maka kaikawo a ƙirji kuma ka ƙi mutane su tsinkaye shi. Hannunki da ke saurin kai wa ga salula don kada yaran su ji, shaida ne ya ba da kansa. Wurin da marubuciya ta shiga ɗakin ma'aurata, ko ma na waɗanda ba ma'aurata ba, ta tsaya tana siffanta jiki da abin da ake yi daki-daki, sauraren sa da gangan haramun ne. Hujjar a fili take. A ruwayar Muslim daga Abu Huraira, zinar idanu kallo ce, zinar kunnuwa kuma saurare. A Suratul Isra'i aya ta 36 an ce ji da gani da zuciya duk za a tambayi mutum a kansu, kuma ji aka fara ambata. Buhari ya ruwaito daga Ibnu Mas'ud hanin mace ta siffanta wa mijinta wata mace har ya zama kamar yana kallon ta, wanda ke nuna siffantawa da baki tana iya tsayawa a matsayin gani. Muslim kuma ya ruwaito cewa cikin mafi sharrin mutane ranar ƙiyama akwai wanda zai keɓe da matarsa sannan ya fita yana baza sirrinta. In wannan ne hukuncin baza sirrin shimfiɗar halas, ina ga ƙaga ta a tura wa dubban mutane? Kuma a duba yadda Alƙur'ani ya bi da wurin nan a ƙissar Yusufu: an kulle ƙofa, ta kira shi, ya nemi tsarin Allah, suka yi tsere zuwa ƙofa, riga ta yage. An faɗi duk abin da ya auku, ba a tsaya siffanta jikin kowa ba.

Wasu na cewa ai ilimin zaman aure ake koyarwa. Ilimin zaman aure yana da masu shi, akwai uwa da goggo da malamai mata a islamiyya, akwai babin wanka da babin aure a littattafan fiƙihu, kuma ana faɗar sa ga mai bukata da harshen da bai tayar da hankali. Abin da aka tsara don mai ji ya kasa barci sai ya biya kuɗin kashi na biyu, ciniki ne.

Akwai wani abu da ya bambanta saurare da karatu, wanda nake ganin mutane ba su lura da shi ba. Lokacin da littattafan nan suka fara yaɗuwa daga Kano a shekarun 1980, a takarda suke. Mai karatu in ta zo wurin da bai dace ba tana iya tsallake shafi, kuma ita kaɗai ke gani. Murya ba ta ba ki wannan dama. Hannunki na kan yadi, ƙafarki na kan keke, kafin ki miƙa hannu maganar ta riga ta shiga. Kuma ba kunnenki kaɗai take shiga ba. Kwanakin baya na taso daga Tasawa a motar haya, direba ya haɗa salularsa da rediyon mota ya sa wani littafi. Da farko kowa na jin daɗi, labarin wata marainiya ce da kishiyar uwa, har wata tsohuwa da ke gefena tana ta cewa Allah Ya isar miki yarinya. Ana cikin haka labari ya kai daren biki. Motar ta yi tsit. Samari biyu a baya suka sunkuyar da kai suna danne dariya, tsohuwar ta ja lulluɓinta ta fara salati da ƙarfi, direba kuma hannu ɗaya a sitiyari ɗaya yana lalube, ya rasa inda zai danna. Akwai yarinya a cinyar uwarta, ba ta wuce shekara tara ba, idonta ƙur a kan rediyon. Ita na yi ta tunawa har muka shigo gari.

Ƴan matan da ke koyo a hannunki amana ce iyayensu suka ba ki. Rage murya bai fitar da ke ba, domin yaro ya fi babba kaifin kunne, kuma sun riga sun gane cewa akwai wurin da uwar ɗakinsu ke ji ita kaɗai. Gobe su za su nemo shi. A gabansu kada ki sa littafin da ba ki riga kin san cikinsa ba.

Sai batun muryar mai karantawa. Muryar mace a kan kanta ba al'aura ba ce, mata sun yi wa Annabi (SAW) tambaya a gaban maza, sahabbai maza sun ɗauki hadisi daga bakin Nana A'isha. Abin da aka hana a Suratul Ahzab aya ta 32 shi ne kwantar da murya da narkar da ita. Mai littafin Risala na fiƙihun Malikiyya ya faɗa ƙarara cewa bai halatta ka yi gangancin sauraren ɓarna ba, ko ka ji daɗi da sauraren zancen matar da ba ta halatta gare ka ba. Wannan ya hau kan namijin da ke neman wata mai karatu don muryarta, ya kuma hau kan macen da muryar wani mai karatu ce ke jan ta, ba labarin ba. Wanda aka cika da kiɗa a bayansa kuwa, mazhabarmu ta tsananta a kan kayan kiɗa, ko da yake akwai saɓani a wajen wasu malamai. Marar kiɗa ya fi miki kuɓuta.

Ko littafi ya tsira daga batsa, sai ki duba abin da yake bari a zuciyarki. Yawancinsu mijin ciki attajiri ne, saurayi, mai gida bene da motoci, ba ya gajiya, ba ya rasa kuɗin cefane, bakinsa kullum da zuma. Naki kuma ya wuni a babbar kasuwa ko a kan kabu-kabu cikin rana, ya dawo da ƙura har gira, da jaka ɗaya ko biyu a aljihu. In kika ga kin fara auna shi da na littafi, gaisuwarsa ta fara yi miki gajarta, abin da ya kawo ya fara yi miki kaɗan, to a gare ki wannan littafin ya zama abin bari, ko da ga wata bai zama ba. Annabi (SAW) ya umarce mu mu dubi na ƙasa da mu don kada mu rena ni'imar Allah, kuma Malikiyya an san su da toshe kafar ɓarna tun ba ta buɗe ba. Haka in ya kai ki ga jinkirta salla har lokacinta ya fita, ko abinci ya ƙone, ko ɗinkin mutane ya wuce alkawari. In babu ko ɗaya cikin wannan, ɗebe kewa ne, kuma Annabi (SAW) ya ce wa sahabinsa Hanzala sa'a da sa'a, wato akwai lokacin ibada akwai na hutu.

Maigidanki ya wuce wuri da ya ce duka haramun ne, amma bai yi kuskure ba da ya ji tsoro. Ki zaunar da shi ki sa masa wanda kika ce kin ƙaru da shi, ya ji da kunnensa. In bayan haka ya ce ba ya so a cikin gidansa, ki bi shi, barin halas don zaman lafiyar aure ba asara ba ce. Shi kuma, in wannan amsa ta kai gare shi, ina tuna masa cewa matar da ake bari daga magariba har tsakar dare mijinta na fada ana zuba shayi, dole ta nemi muryar da za ta taya ta hira. Annabi (SAW) da kansa ya zauna ya ji labarin mata goma sha ɗaya.

Waɗanda ƙawaye ke turowa kuma, in kin san littafin na kuɗi ne, marubuciyar ta ce ba ta yafe a yaɗa ba, wani ya karanta ya baza ba da izininta ba, kada ki tura gaba. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar cewa haƙƙin wallafa haƙƙi ne da shari'a ta kare, bai halatta a keta shi ba. Mai batsa kuwa tura shi zunubi ne ko da kyauta aka bayar, yana shiga cikin yaɗa alfasha da aka yi wa narko a Suratun Nur aya ta 19.

Saura azuminki. In sha'awa ce kawai ta motsa, ba abin da ya fita, azumi ya yi, sai istigfari. In maziyyi ya fita, wato farin ruwan nan marar kauri mai danƙo da ke zuwa lokacin sha'awa, kuma da gangan kika ci gaba da saurare, to a mazhabar Maliku za ki rama yini ɗaya, babu kaffara. Alwala ta warware, a wanke wurin da abin da ya taɓa na tufafi. In kuwa kin zarce da saurare da tunani har biyan bukata ta auku, kuma kin san haka kan faru gare ki, akwai wanka da ramuwa da kaffara, wato ciyar da miskinai 60, kowane mudu ɗaya da mudun Annabi (SAW), wanda shi Imamu Maliku ya fi so, ko azumin wata biyu a jere. Ke kika san wanne ne ya same ki cikin ukun. In kin kasa rarrabewa, ki je wurin wata malama da kika amince da ita ki yi mata bayani baki da baki, kuma ki yi ƙoƙari ki rama kafin wani azumin ya kama.

Allah ne Mafi sani.