Ranar da za su kulle maka asusu kana da gaskiyarka

Ƙanina na ga saƙonka, har da muryoyin da ka jero min a WhatsApp ina tsaka da aiki. Kana tambaya wace manhajar kuɗi za ka buɗe kafin ka taso Ingila, wai abokinka ya ce ka buɗe tun kana Kano da adireshin wani na nan, kuma wai in ka zo ka dinga karɓa wa mutane kuɗi ta asusunka kana samun ɗan na kati. Toh ni ba zan zaɓar maka ko ɗaya ba, duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Abun da ya kamata ka tambaya shi ne ya za ka yi ranar da suka kulle maka asusu ba ka ci ba ka sha ba, don ni an yi min, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Lokacin ina karatu ne. Adashi muke yi mu 'yan gida, kwasata ta zo kowa ya turo zubinsa, a satin kuma Yaya ya turo min cikon kuɗin makaranta. Na shiga shago da safe zan biya kuɗin burodi da madara kati ya ƙi, ga layi a bayana, ga matar da ke kan kanta tana min murmushin nan nasu da ba ya kaiwa ido. Na buɗe waya sai ga rubutu wai an taƙaita asusuna ana bincike. Kuɗina ga su ina kallo a fuskar waya amma ko sisi ba dama in taɓa, ga kuɗin haya ya matso.

Abun da ya fi ci min rai babu wanda za ka je wajensa. A gida in banki ya yi maka haka ka san inda reshe yake, ka san wani da ya san manaja, ko ba komai ka je ka zauna a benci har a gaji da ganinka. Waɗannan ba su da ƙofar da za ka ƙwanƙwasa, sai dai ka yi ta rubutu kwamfuta tana maido maka da amsa iri ɗaya, in ka ci sa'a mutum ya karɓa sai ya ce ya fahimci damuwarka amma ba zai iya cewa komai ba. Na ɗauka wulaƙanci ne kawai, sai daga baya na gane akwai dokar 2002 ta kuɗin da aka samu ta hanyar laifi, wadda ta hana su tsegunta maka in sun kai rahotonka. In suka nemi izinin hukumar NCA, mai yaƙi da manyan laifuka a Birtaniya, a kan kuɗinka tana da kwana 7 na aiki ta ba su amsa, in ta ce a dakata sai a ƙara kwana 31. Kaga kenan ihun da kake wa yaron da ke kan waya ba zai motsa komai ba.

Adashi ba laifi ba ne, kwamfutarsu ce ba ta san shi ba. Ita dai ta ga ɗalibi kuɗi suna shigo masa daga mutane barkatai lokaci guda, ga wasu daga Najeriya, shikenan. Kuma ka sani daga Fabrairun 2023 har Oktoban 2025 Najeriya tana cikin jerin ƙasashen da hukumar FATF ta sa wa ido kan safarar kuɗi, koren fasfo kaɗai ya isa a ƙara dubanka. Sai kuma maganar suna, wadda mu Hausawa take cinmu sosai: fasfo ya ce Muhammad, takardar makaranta ta ce Mohammed, a banki an sa sunan mahaifi a gaba, a wata takardar ga sunan garinku a ƙarshe. Kai ka san duk kai ne, su kuwa mutum huɗu suke gani.

Yadda na fita, na daina kira na koma imel. Na rubuta ƙarara cewa ƙorafi nake shigarwa a hukumance, ba tambaya nake ba, don daga nan ne agogo yake fara juya musu. A harkar biyan kuɗi doka ta ba su kwana 15 na aiki su ba ka amsa, in da wani babban dalili su kai 35, ba su wuce nan. Ban zagi kowa ba duk da bakina cike yake, na jera ranakun da kowane kuɗi ya shigo da wanda ya turo da dalili, na haɗa hoton hirar gurup ɗinmu na adashi inda jerin kwasa yake, Yaya ya turo takardar bankinsa da rasit, na sa takardar haya su ga ranar da mai gida yake jira. Duk abun da suka rubuto min na ɗauki hotonsa na ajiye, don hirar cikin manhaja tana iya ɓacewa. A ƙarshe na ce in ba su warware ba su ba ni amsarsu ta ƙarshe a rubuce zan wuce Financial Ombudsman Service, ofishin da ke raba gardama tsakanin mutane da kamfanonin kuɗi. Wannan ofishi kyauta ne, ba ka buƙatar lauya, amma wata 6 kake da shi daga ranar da suka ba ka amsar ƙarshe, in ka yi sake ya wuce ka. Ba mu ma kai can ba suka buɗe, da haƙuri layi biyu da ɗan abun da ko kuɗin bas na wata bai kai ba. Har yau ba su faɗa min me suke zargi ba.

A tsakanin nan taliya da man gyaɗa na yi ta ci, ban roƙi kowa ba, mai gidan haya na tunkara da kaina na nuna masa imel ɗin ya ɗaga min ƙafa. Amma ka san me? Mutanen gida ba su fasa turo buƙatunsu ba. Na ce an kulle min asusu wani ya ce min haba, a Turai? wai rowa ce na koya. Wannan ta fi kullewar zafi wallahi.

Yanzu maganar abokinka. Ni da nake da gaskiya da takardu a hannu ka ji yadda na sha, ina ga kai da za ka buɗe da adireshin ƙarya? Ranar da suka ce turo shaidar inda kake zaune me za ka tura? Karɓa wa mutane kuɗi kuwa kada ka soma, ko ɗan uwanka ne ya ce wani zai zuba maka fam a nan shi ya ba da naira a gida. Ba ka san daga ina fam ɗin ya fito ba, in na damfara ne sunanka ne a kai, za su iya sa ka a rajistar Cifas, inda bankuna ke ajiye sunayen waɗanda aka samu da hannu a damfara, har shekara 6, banki ya ƙi ka, layin waya na kwantiragi ma ya gagare ka. Ga shi bizar ɗalibi ba ta yarda ka yi sana'ar kanka ba, aikin albashi ne awa 20 a sati lokacin karatu. Na ga yara masu hankali sun tashi a tutar babu saboda fam hamsin na lada.

In ka sauka ka buɗe asusu a banki na gaske da takardar makarantarka, albashi da kuɗin haya su zauna can, manhaja ta zama ta cefane da tura wa gida kawai, don kuɗin da ke irin waɗannan manhajojin in ba su da lasisin banki ba ya cikin inshorar FSCS, wadda ke biyan mutane kuɗinsu in banki ya durƙushe. In aka kulle maka kar ka ruga ka buɗe wani a kamfanin da wata lambar, ƙara wa kanka zargi za ka yi, kuma masu cewa a Facebook ko Telegram za su buɗe maka in ka biya, ɓarayi ne duka.

Ka turo min hoton shafin fasfonka da takardar CAS ɗinka, wadda makaranta ta ba ka ta neman biza, in duba ko sunayen sun yi daidai tun kana gida, gyara ya fi sauƙi a can. Ka gaida Hajiya, ka ce mata kar ta sako min kilishi, ba a shigowa da nama, ƙwacewa za su yi a filin jirgi. Yaji da kuka dai ta cika leda.