Motar da ta fara shan mai da shigowar hunturu

Na ga saƙonka kan Corolla ɗin nan da mai ita ya ce tun da sanyi ya shigo ta koma shan mai, kana tambaya wai da gaske yanayi yana sa mota shan mai, ko kuwa nozul, masu fesa fetur cikin inji, za mu kwance mu wanke. Toh kar ka kwance komai tukuna.

Yanayi yana sawa, amma bai kai yadda masu mota suke zuzutawa ba. Shi inji da zafi yake aiki, sai ruwan lagireto ya kai wajen digiri 90 sannan fetur yake ƙonewa yadda ya kamata. Da safen hunturu ƙarfe ya kwana a sanyi, man da nozul ya fesa ba ya saurin gauraya da iska, wani ma a jikin ƙarfen yake mannewa, shi ya sa birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, yake ƙara mai ya ɗaga silo, wato juyawar inji in mota na tsaye, har inji ya ɗumama. A tsofaffin motoci masu kafireto, mai haɗa iska da fetur, cok mai rage shigar iska ne yake wannan aikin, yanzu kuwa sensar ruwa, mai auna zafin ruwan inji, ce take gaya wa birenbos. Baƙin mai ma da safe ya yi kauri, inji yana juyawa da nauyi. Kaga wanda tafiyarsa duka ba ta wuce kai yara makaranta ya dawo ba, kafin inji ya yi zafi ya kashe, shi zai fi ji a aljihunsa, balle in yana da ɗabi'ar nan ta tada mota a bar ta a ƙofar gida har a gama karin kumallo wai tana ɗumama. Minti ɗaya ya isa, ya ja ta a hankali, a kan tafiya ta fi saurin yin zafi.

Amma abin da nake so ka fara dubawa shi ne tamostat, kuma wannan maganar ka riƙe ta har ranar da za ka buɗe naka garejin. Mota 'yar Kwatano tana shigowa sai kaga an kai ta wajen wani ya cire tamostat ya jefar, wai ta ƙasar sanyi ce, sannan ya haɗa fanka dairek tana juyawa tun daga kunna makulli. Wallahi abin nan yana ci min rai, saboda motocin da kamfani yake sayarwa a Saudiyya da Dubai ma da tamostat ɗinsu suke zuwa, ai ba mu fi su zafi ba. Aikinta ta tare ruwa kar ya tafi lagireto sai inji ya yi zafi sannan ta buɗe. In babu ita ruwa yana ta zagaye tun inji da sanyi, fanka tana ƙara hura shi, allurar zafi ba ta tashi daga ƙasa, birenbos kuma duk a zatonsa yanzu aka tada mota sai ya yi ta zuba mai. Da bazara zafin gari yana ɗan rufa abin, hunturu na shigowa asiri ya tonu, ka kwance fulogi ka gan shi baƙi ƙirin, ka zaro dipstik ka ji warin fetur a baƙin mai. Mota in tana zafi ka nemi dalilin, lagireto ya toshe ne ko murfinsa ya mutu ko famfon da ke zagaya da ruwa (wata famfo) ko fanka, in tamostat ɗin ce ta maƙale ka sa sabuwa.

Sai ƙura. A mai kafireto in iyakilina, wato matatar iska, ta toshe kai tsaye take ƙara shan mai. A mai injekta, wato mai nozul, birenbos yana auna iskar da ta shiga ya ba da mai daidai ita, abin da za a fi ji shi ne mota ta yi nauyi direba ya ƙara taka totur. Inda matsalar take shi ne in iyakilinar ta yage ko wani ya huda ta, ƙura ta hau wayar sensar iska ta fara ba da lissafin ƙarya. A fesa mata maganin wankinta, kar ka taɓa wayar da hannu ko sukundireba.

Taya ma iskarta tana sauka da sanyi, duk digiri biyar ko shida tana rage kusan psi 1 a ma'aunin iska, taya mai laushi kuma tana riƙe mota. A auna da safe, a bi lambar da ke jikin ƙofar direba, mai faci kar ya ɗura yadda ya ga dama.

Daga Maris zuwa Mayu kuma da Kano da Sakkwato da Maiduguri suke haura digiri 40, AC ce take cin man, musamman a cunkoso, in kwandensar AC ta cika da ƙura kwamfuresarta ta ƙara wahala. Da damina ruwa da taɓo da tafiya a giya ɗaya giya biyu ne suke cin man, wannan ba sai na yi bayani ba.

Maganar shi kansa man, a Amurka suna canza haɗin fetur tsakanin lokacin sanyi da na zafi, na sanyin an ƙara masa sinadarin butane don mota ta tashi da wuri, kuma ƙarfinsa ya ɗan gaza na lokacin zafi. Mu namu canjin daga inda aka sha man yake fitowa. Ka tuna Fabrairun 2022 da aka shigo da fetur mai sinadarin methanol da yawa daga Beljiyam motoci suka yi ta lalacewa, shi methanol ƙarfinsa kusan rabin na fetur ne. Ga na 'yan bumburutu da ba ka san me aka gauraya a jarkar ba, ga gidan man da litarsa ba ta cika. Kuma tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023 mutane da naira suke lissafi, mutum zai ce na dubu goma da yana min kwana kaza, ya manta litar da kuɗin yake saye ta ragu.

Don haka gobe in mai Corollar ya zo ka tambaye shi inda yake shan mai da irin tafiyar da yake yi, ka tada motar ka ga ko fanka tana tashi nan take, ka riƙe babban hos na sama ka ji, in ya fara ɗumi tun inji bai yi zafi ba toh babu tamostat ko ta maƙale a buɗe. Ka duba iyakilina da iskar taya. Sannan ka ce ya cika tanki ya mayar da lissafin kilomita sifili, in ya yi tafiya ya koma famfon da ya sha ya sake cikawa, ya kawo mana lita nawa ta ci a kilomita nawa. Zan shigo wajen ƙarfe goma, sai mu sa mata na'ura mu ga abin da sensar ruwa take karantawa.