Yaushe ake cewa "as far as I know"?

'Yar'uwa, kin tambaya ko "as far as I know" na nufin mutum ya tabbata da abin da yake faɗa. A'a, ba tabbaci ba ne. Daidai take da "iya sanina" a Hausa: kina faɗin abin da kika sani, amma kin bar ƙofa a buɗe ko akwai wanda ya fi ki labari.

A ce abokiyar aikinki ta tambaye ki ko an ɗage taro, sai ki ce: "As far as I know, the meeting is still on Monday." "As far as I know" tana iya zuwa a farkon jimla da waƙafi bayanta, ko a ƙarshe. In kuwa da idonki kika ga sanarwar, faɗi kai tsaye: "I am sure" ko "I know for a fact". Kada ki haɗa su da "as far as I know" a jimla ɗaya, don suna karo da juna.

Kuskuren da nake yawan ji a Najeriya, kuma yana damuna, shi ne sa "as far as" a gurbin "matuƙar". "As far as you pay, you can enter" ba daidai ba ne. "As long as" ake cewa. Haka "as far as I'm concerned" ra'ayi take nunawa, ba sani ba.

A takardun hukuma za ki fi ganin "to the best of my knowledge", musamman a takardar rantsuwa ta kotu. Nan kam sa hannunki yana da nauyi a shari'a, don haka ki nemi lauya ya karanta miki kafin ki sa.