Shin jagorancin aiki sana'a ce kamar likitanci?

Tambaya: Ni injiniya ne, kuma an ɗora wani wanda bai karanci gini ba a kan aikin da muke yi, ana kiransa manajan aiki. Shin wannan sana'a ce mai ƙa'ida kamar likitanci, ko kowa zai iya riƙe ta? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, sana'ar ta kama hanya, amma ba ta kai matsayin likitanci ba tukuna. An kafa cibiyar manajojin ayyuka ta PMI a Amurka a 1969, ta fara ba da takardar shaidar ƙwarewar manajan aiki mai suna PMP a 1984, sannan Birtaniya ta fito da tsarin gudanar da ayyuka mai suna PRINCE2, mai tasa takardar shaida, a 1996. Sai dai waɗannan takardu shaidar ƙwarewa ce kawai, ba lasisi ba ne. Likitan da aka soke rajistarsa ba shi da ikon duba mara lafiya, alhali manajan da ya lalata aiki yana iya samun wani aikin gobe ba tare da wata hukuma ta tare shi ba a yawancin ƙasashe.

A Najeriya an yi dokar da ta kafa cibiyar manajojin ayyuka ta CIPMN a 2018, amma har yanzu kamfanoni da yawa suna naɗa wanda suka amince da shi, ko yana da rajista ko babu. Wannan yana damuna ƙwarai, domin jinkiri da hauhawar kuɗin aiki sukan taso ne daga rashin tsari. Aikin manajanku shi ne lokaci, kuɗi da haɗa kan ma'aikata. Hukuncin ingancin gini kuwa yana hannun injiniya mai rajistar COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, kada ka sakar wa manajan shi.